A GANO CIWON KWAMFUTA KAFIN A SAYI MAGANI

A 'yan shekarun nan makarantu da ofisoshi da yawa sun shiga aikin shirya hotuna masu motsi da kwamfuta. Malami yana so ya nuna wa yara yadda jini ke kewaya jiki, ko yadda wata ke shiga tsakanin rana da duniya har a yi husufi. Akawun ofishin lafiya kuma an ɗora masa shirya gajeren majigi na jan kunne game da kwalara. Aikin da a dā sai manyan kamfanonin silima, yau ga shi bisa teburin malamin makaranta. To, amma kukan da a ke ta ji iri ɗaya ne: na'ura ta yi nauyi, ta tsaya cik, ta mutu ana tsakiyar aiki. Daga nan sai a rubuta wa shugaba takarda a ce a sayo sabuwa. Sau da yawa a kan sayo ɗin, kuɗin jama'a su tafi, ciwo kuwa yana nan inda ya ke.

Abin da na ke so in jawo hankalin malamai da akawuna gare shi, shi ne ruwa ba ya tsami banza. Kowace irin gardama da na'ura ke yi tana da sanadinta, kuma galibi sanadin yana wuri ɗaya ne tak cikin jikinta. Wanda ya gane wurin ya kan warkar da ita da kuɗi kaɗan, wani sa'in ma ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

NAUYIN AIKIN

Da fari ya kamata mu san abin da mu ke ɗora wa na'urar. Hoto mai motsi hotuna ne tsayayyu da a ke jerawa, a riƙa wucewa da su gaban ido da sauri har ido ya zaci motsi ne. A silima hotuna 24 ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, a talabijin na ƙasashenmu kuwa 25. Kowane ɗaya daga cikinsu mu kira shi falle. Ke nan majigin minti ɗaya yana da falle 1,500, kuma tilas na'ura ta lissafa kowane falle ɗigo-ɗigo, ta fid da launinsa da haskensa da inuwarsa. Wannan lissafi shi masu sana'ar ke kira renda. Mu kuwa sai mu ce wanki, kamar yadda mai hoto ke wanke hoto. In falle ɗaya ya ci minti 2, majigin minti ɗaya zai ci minti 3,000, watau awa 50, kwana biyu da awa biyu na'ura ba ta huta ba.

Kada wannan ya ba kowa mamaki. Sa'ad da kamfanin Pixar na Amurka ya fito da Toy Story a shekarar 1995, wanda shi ne dogon fim na farko da aka zana dukansa da kwamfuta, sai da suka haɗa kwamfuta 117 suna wanki dare da rana kafin su gama falle 114,240.

Sa'an nan ga maganar girma. Falle mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye yana da ɗigo 2,073,600. In ba a matse shi ba ya kan ci wajen megabayit 8. Daƙiƙa ɗaya ta haura megabayit 200 ke nan, minti ɗaya kuwa ya haura gigabayit 12. Falle na 4K ya ninka wannan sau huɗu. A riƙe wannan lissafi, gama shi zai bayyana mana yawancin abin da ke tafe.

MA'AIKATA HUƊU

Cikin kwamfuta akwai ma'aikata huɗu da aikin nan ya rataya a wuyansu, kuma duk wanda ya taɓa zama ofis zai gane su. Na farko furosesa, shi ne babban akawu mai yin lissafi yana rarraba aiki. Na biyu ram, watau teburin da akawun ke baza takardun da ya ke aiki da su yanzu. Da an kashe na'ura an share teburin. Na uku faifan ajiya, shi ne kabad ɗin fayil, yana ɗaukar kaya da yawa, amma sai an tashi an je an ɗauko. Na huɗu katin zane, wanda ya ke kamar zaure cike da dubban ƙananan akawuna, kowa yana yin ɗan lissafi mai sauƙi a lokaci guda. Katin yana da nasa teburin dabam, watau ram ɗin kati.

Manhajojin ba su dogara ga ma'aikatan nan daidai wa daida ba, kuma nan ne a ke yawan tafka hasara. After Effects, wanda ya fara fitowa a 1993 kuma ya koma hannun kamfanin Adobe a 1994, ƙarfinsa yana ga furosesa da ram. Tun daga 2021 yana iya raba fallaye ga sassan furosesa su wanke da yawa gaba ɗaya, amma kowane sashe sai an ba shi rabonsa na tebur. Blender kuwa, in ana wankin siffofi masu kauri da zurfi da injinsa mai suna Cycles, katin zane ne ke ɗauke da kayan. Na ga wata makaranta da ta zuba kuɗin kayan aikinta na shekara a kan kati mai tsada, alhali aikinsu duka rubutu ne mai motsi a After Effects, ram ɗinsu kuwa gigabayit 8 kurum. Katin ya zo, an ɗaura, aiki bai ƙara sauri ba yadda ido zai gani. An cika zaure da ma'aikata, tebur kuwa bai fi faifan tuwo ba.

YADDA A KE GANE MAI LAIFI

Ba sai an kira injiniya ba. A kwamfuta mai Windows, a danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare, sai taga mai suna Task Manager ta buɗe. A shiga shafin Performance, za a ga ma'aikatan nan huɗu a jere, kowanne da ma'aunin wahalar da ya ke sha. A kwamfutar Apple sunan tagar Activity Monitor. A bar ta buɗe, a koma a yi ainihin abin nan da ke sa na'ura nauyi, sa'an nan a duba. Wanda ma'auninsa ya cika maƙil sauran suna zaune, shi ne ya tare hanya. In ram ta kusa cika, faifai kuma ya hau aiki ba ƙaƙƙautawa, to tebur ne ya kasa, na'ura ta koma kai takardu kabad tana ɗaukowa. Magani a nan ƙarin ram, ko rage abin da aka baza.

Doka ɗaya ita ce uwar aikin duka: a canja abu ɗaya, a gwada, kana a canja na biyu. Wanda ya taɓa abu biyar gaba ɗaya, ko na'urar ta warke ba zai san abin da ya warkar da ita ba, gobe kuma ciwon ya dawo ya same shi ba shiri.

CUTUTTUKAN DA SUKA FI YAWA

Na ɗaya, gwajin kallo ya tsaya bayan 'yan daƙiƙoƙi. Wannan ba lalacewa ba ce. After Effects na kafin 2025 ya kan tara fallayen da ya wanke cikin ram ne kafin ya nuna su, in tebur ya cika sai ya tsaya. Ku tuna lissafinmu na baya. A rage kyan hoton gwaji zuwa rabi, nan take ɗigo sun ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, kuma wannan ba ya taɓa kyan aikin ƙarshe. A rufe shafukan intanet da sauran manhajoji, don su ma bisa teburin nan su ke zaune. Lokaci lokaci kuma a shiga Edit, a zaɓi Purge, a zubar da tsofaffin fallaye da suka taru.

Na biyu, Blender yana wanki kamar hawainiya alhali akwai kati mai kyau. Sau da yawa katin yana zaune ne ba a ba shi aiki ba, domin Cycles ya kan fara da furosesa sai an gaya masa. A shiga Preferences, sashen System, a zaɓi OptiX ko CUDA in katin na Nvidia ne, HIP in na AMD ne, oneAPI in na Intel ne, Metal in kwamfutar Apple ce. Bayan haka a koma wurin saitin wanki a zaɓi GPU Compute. Wurare biyu ne, mutane kuwa su kan yi ɗaya su mance ɗaya.

Na uku, wanki ya tsaya da saƙon cewa ram ɗin kati ta ƙare. Galibi hotunan da aka lulluɓe siffofi da su ne suka yi girma. Hoto mai ɗigo 4,096 kowane gefe ya kan ci wajen megabayit 67 cikin kati, mai 8,192 kuwa wajen 268. Tulun da za a hango can ƙarshen tsakar gida ba ya bukatar irin wannan lulluɓi. Akwai saiti mai suna Simplify da ke rage girmansu duka a lokaci guda.

Na huɗu, bidiyon da aka ɗauka da wayar hannu yana sarƙewa, ko murya ta riga baki. Dalili kuwa, waya tana matse bidiyo ƙwarai da tsarin H.264 ko H.265, inda a ke ajiye cikakken falle jifa-jifa, sauran kuma sai bambancinsu da na kusa. Kafin na'ura ta nuna falle ɗaya sai ta lissafo maƙwabtansa. Bugu da ƙari, waya ta kan canja yawan falle cikin daƙiƙa yadda ta ga dama. Magani, a juya bidiyon tun kafin a fara aiki. Manhajar HandBrake, wadda ta ke kyauta, tana daidaita yawan fallen. Tsarin ProRes ko DNxHR kuma ya fi cin wuri, amma ya fi sauƙin aiki nesa ba kusa ba.

Na biyar, manhaja ta riƙa rufe kanta ba sallama, ko allo ya yi baƙi ya dawo. A fara tuhumar direban kati, watau ɗan shirin nan da ke tafinta tsakanin katin da manhaja. Windows ya kan sake ta da katin in ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba. A sauko da direba daga shafin kamfanin da ya ƙera katin. Masu katin Nvidia su zaɓi irin da a ke kira Studio, wanda aka gwada da manhajojin aiki. In kuwa ciwon ya soma ne bayan an sa sabon direba, a koma tsohon. Kada kuma a sabunta kome ana tsakiyar aikin da aka yanka wa rana.

Na shida ƙarami ne, amma ya sa mutane da yawa gumi. Hoto ya daskare a After Effects, jan layi ya fito a ƙasa. A duba maɓallin Caps Lock, gama in yana kunne manhajar ta kan daina sabunta hoto.

Na bakwai, an kai aiki wata kwamfuta, hotuna da muryoyi sun ɓace. Fayil ɗin aiki ba ya ɗauke da kayan a cikinsa, adireshinsu kurum ya riƙe. Kafin a ɗauke shi a yi Collect Files a After Effects, ko Pack Resources a Blender, su tattara kome wuri ɗaya.

Na takwas ya shafe mu musamman, mu masu rubutu da Hausa. A rubuta ƙasa ko ɗalibi ko ɓera, sai a ga ɗan akwati a gurbin baƙi mai ƙugiya, ko baƙin ya fito da wata siffa dabam da 'yan'uwansa. Na'ura lafiyarta lau, salon baƙaƙen da aka zaɓa ne ba a zana masa masu ƙugiya ba. Noto Sans da Charis SIL da Andika duk suna da su, kuma kyauta ne. Abin kunya ne majigin koyar da karatu ya fito an rubuta kasa inda a ke nufin ƙasa.

ZAFI DA ƘURA DA WUTA

Akwai abokan gāba uku da littattafan kamfanoni ba su cika damuwa da su ba, mu kuwa da su mu ke kwana. A watannin Maris da Afrilu zafi ya kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Furosesa kuwa in ya kusa digiri 95 zuwa 100 sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Alamar wannan ita ce na'ura ta fara aiki garau, bayan minti goma ko ashirin ta yi sanyin jiki, fanka tana ta kuka. Kada a aza kwamfutar cinya bisa katifa ko darduma, a ɗaga bayanta iska ta shiga. Dogon wanki a bar shi sai dare. Bayan hunturu a buɗe akwatin a hure ƙurar da ta toshe fanka da mazurarin iska. In na'ura ta shekara uku ko huɗu, a sa mai gyara ya sabunta man da a ke shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke sanyaya shi.

Maganar ɗaukewar wuta kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamfutar tebur tana bukatar batirin ko-ta-kwana, wanda zai riƙe ta 'yan mintoci har a adana aiki ko a ta da janareta. Amma babbar dabara ba ta cin kuɗi. Kada a wanke dogon aiki kai tsaye zuwa fayil ɗin bidiyo guda ɗaya. In wuta ta ɗauke a falle na 1,200 cikin 1,500, fayil ɗin MP4 da ba a rufe ba galibi ba ya buɗuwa, wahalar kwana biyu ta tafi a banza. A wanke zuwa jerin hotuna na PNG, kowane falle da fayil ɗinsa da lambarsa. Wuta ta dawo, a duba na ƙarshe ko ya cika, a ci gaba daga nan. A Blender a cire alamar Overwrite, a After Effects a sa alamar Skip Existing Files, sai su tsallake abin da aka riga aka gama. Haɗa hotunan su zama bidiyo aikin 'yan mintoci ne.

Har ila yau a kula da adanawa. Blender ya kan adana da kansa kowane minti 2, After Effects kuwa kowane minti 20 in ba a rage ba. A riƙa ba aiki sabuwar lamba kowace rana, kuma a ajiye kwafi uku: ɗaya cikin na'ura, ɗaya a faifan waje, ɗaya a wani gini dabam ko a ma'ajiyar intanet.

IN SAYE YA ZAMA TILAS

In an bi duk wannan aka tabbata kayan ne suka kasa, to a kashe kuɗin bi da bi. Na farko ram. Adobe da kansu sun ce gigabayit 16 shi ne mafi ƙanƙanta ga After Effects. Wanda ya sami 32 zai sarara. Na biyu faifai. Tsohon faifai mai juyi ba ya wuce megabayit 100 zuwa 200 cikin daƙiƙa. Marar juyi, wanda 'yan kasuwa ke kira es-es-di, ya kan kai 550, irin da a ke rubuta wa NVMe a kwali kuwa daga 3,500 har 7,000. Tsohuwar kwamfuta da aka sa wa irin wannan faifai sai ka ce an sake ta. Na uku batirin ko-ta-kwana. Na huɗu katin zane, shi ma sai in aikin na siffofi masu kauri ne. A duba yawan ram ɗinsa kafin a dubi sunansa: kada ta kasa gigabayit 8, in da hali 12. A tabbata kuma akwatin wutar kwamfutar zai iya ciyar da shi, in ba haka ba na'ura za ta riƙa mutuwa duk sa'ad da wanki ya yi nisa.

Mai sayen ta hannu ya buɗe ido, araha ba ta ado. Waɗansu kwamfutocin cinya an like ram ɗinsu da dalma, ba a iya ƙara ta. Haka kuma kwamfutocin Apple masu furosesa na jerin M, da suka soma fitowa a 2020, abin da ka saya shi ke nan har ƙarshe. A tambaya ko na'urar tana ɗaukar Windows 11, domin Microsoft sun daina ba Windows 10 kulawar yau da kullum tun ran 14 ga Oktoba 2025. Kafin a biya, a sa ta wanki na minti goma sha biyar gaban mai ita, a ji kukan fanka, a duba zafinta. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

MANHAJAR SATA DA TA KYAUTA

Tun 2013 Adobe suka koma ba da hayar manhajojinsu, a riƙa biya wata wata ko shekara shekara. Wannan ya sa waɗansu ke sa kwafin sata. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Irin wannan kwafi ba a iya sabunta shi, sau da yawa kuma ya kan zo da miyagun shirye-shirye a ɓoye, masu satar bayanai ko masu sa na'ura aikin wani ba da sanin mai ita ba. Kwamfutar da ke ɗauke da sunayen ɗalibai da takardun albashi ba wurin wannan kasada ba ce.

Ga hanya mai tsabta kuwa. Blender kyauta ne tun 2002, sa'ad da wanda ya ƙirƙiro shi, Ton Roosendaal na ƙasar Holan, ya nemi gudunmawar jama'a, aka tara yuro 100,000 cikin mako bakwai aka fanshe shi ya zama na kowa. Kada a rena shi don ba a biya. Da shi Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya ya shirya fim ɗin Flow, wanda ya fito a 2024 kuma ya ci kyautar Oscar ta dogon fim ɗin zane a watan Maris 2025. Ga mai zanen hannu akwai Krita da Pencil2D, da OpenToonz wanda aka sake kyauta a 2016. Pencil2D ma ƙaramar kwamfuta ta ishe shi. Majigin da zai nuna wa ɗan aji huɗu yadda sauro ke yaɗa zazzaɓi ba ya bukatar abin da ya fi haka.

Daga ƙarshe ina ba kowace makaranta da kowane ofis shawara su ajiye ɗan littafi kusa da kwamfutar, kamar yadda a ke ajiye littafin mota. Duk ran da ta yi gardama a rubuta kwanan wata, da abin da a ke yi sa'ad da ta tsaya, da saƙon da ta nuna baƙi da baƙi, da abin da aka canja, da yadda aka ƙare. Cikin wata uku littafin zai nuna inda ciwon ya ke fiye da duk wani ɗan kasuwa. Shugaba kuma, in an kawo masa takardar neman sabuwar na'ura, ya fara cewa a kawo littafin tukuna, ya duba wane ne cikin ma'aikatan nan huɗu ya kasa, kana ya sa hannu.